Rekusant: Tarihin Sunan da Aka Laƙaba wa Masu Ƙin Shiga Cocin Sarki a Ingila

A gidan adana tsofaffin takardun gwamnatin Birtaniya da ke unguwar Kew a birnin Landan, akwai wasu dogayen fatu da aka yi rubutu a kansu aka naɗe kamar tabarma. Ma'aikatan baitulmalin sarki ne suka fara cika su a shekarar 1592, ba su ajiye alƙalami ba sai 1691. Abin da ke ciki sunaye ne, lardi bayan lardi, kowane suna da adadin tarar da ake bin mai shi. Masu waɗannan sunaye ba su yi sata ba, ba su zubar da jinin kowa ba. Laifinsu shi ne Lahadi ta zo, an kaɗa ƙararrawa, suka yi zamansu a gida suka ƙi zuwa cocin da hukuma ta ce kowa ya je. Sunan da doka ta ba irin wannan mutum shi ne rekusant, wanda Turawa ke rubutawa recusant, wato mai ƙi, mai turjiya. Fiye da shekara 200 kalmar ta yi tana cin gonaki da gidaje, wani lokaci har da rayuka.

Asalin kalmar

Tushenta harshen Latin ne, daga aikatau recusare. Gaɓar farko tana nufin mayarwa baya, ta biyu kuma daga causa take, wato dalili ko ƙarar da aka kai gaban alƙali. Idan an haɗa su sai a sami ma'anar kawo hujjar ƙin wani abu. A shari'ar Rumawa, da kuma dokokin coci da suka gaje ta, mai ƙara yana da damar cewa bai yarda wane ya yi masa shari'a ba. Wannan reshe na kalmar yana raye har gobe. Duk lokacin da alƙali a Najeriya ya janye daga wata shari'a saboda yana da alaƙa da ɗaya daga cikin masu jayayya, kalmar Turancin da lauyoyi ke faɗa daga wannan saiwa ta tsiro.

Abin lura shi ne kalmar ba ta ce komai ba game da abin da ke cikin zuciyar mutum. Turawa suna da wasu kalmomin na daban da suke kiran ɗan bidi'a ko wanda ya bar addini. Ita wannan aiki kawai ta ambata: an ce yi, ya ce ba zai yi ba. Ta fara bayyana a Turanci a tsakiyar ƙarni na 16, daidai lokacin da sarakunan Ingila suka mayar da zuwa coci umarnin gwamnati.

1534 zuwa 1558: sarki goma, zamani goma

Sama da shekara 900 Ingila tana bin cocin Roma, tun zuwan mai wa'azi Augustine garin Canterbury a 597. Shi kansa Sarki Henri na Takwas ya rubuta littafin raddi ga Martin Luther, har Fafaroma ya ba shi laƙabin Mai Kare Addini a 1521. Maganar magaji ce ta raba su. Matarsa, Katarina ta Aragon, 'ya mace ɗaya ce ta rayu cikin 'ya'yan da ta haifa masa, shi kuwa ɗa namiji yake nema. Ya roƙi Fafaroma Clement na Bakwai ya warware auren. Fafaroma bai iya ba, domin Katarina goggo ce ta wajen uwa ga Sarki Charles na Biyar, wanda dakarunsa suka wawashe birnin Roma a 1527. Da Henri ya gaji da jira sai ya yanke igiyar. A 1534 Majalisar Dokoki ta zartar cewa sarki ne shugaban cocin Ingila.

Mutum biyu ne suka yi fice wajen ƙin rantsuwa a kan haka: Thomas More, tsohon babban wazirin sarki, da Bishop John Fisher. An fille kawunansu a 1535. Daga 1536 zuwa 1540 aka rushe gidajen 'yan zuhudu, aka sayar wa manyan ƙasa filayensu. Wannan ciniki ya yi tasiri mai nisa, domin duk wanda ya sayi gonar coci ya zama yana da abin asara idan Roma ta dawo.

Henri ya mutu a 1547, ɗansa Edwad na Shida ya hau yana ɗan shekara 9. Masu riƙe masa mulki suka karkata ƙasar ga aƙidar Furotesta, sunan da shi ma asalinsa ƙi ne, daga ƙorafin da wasu sarakunan Jamus suka gabatar a taron Speyer a 1529. Aka fito da littafin addu'a na Turanci a 1549 a madadin na Latin, dokar 1552 kuma ta wajabta wa kowa halartar sujada. Shekara guda bayan haka Edwad ya mutu, yayarsa Meri, 'yar Katarina, ta hau ta mayar da ƙasar hannun Fafaroma. A cikin shekara 5 na mulkinta an ƙone Furotesta kimanin 280 da ransu, har da Akbishop Thomas Cranmer a Oxford a 1556. Ba za a fahimci abin da ya biyo baya ba sai an riƙe wannan a zuciya. Waɗanda za a zalunta gobe, nasu ne suka riƙe wutar jiya, kuma hayaƙin wannan wuta ya daɗe bai bar hancin mutanen Ingila ba.

1559: tarar sule ɗaya

Elizabet ta Ɗaya ta gaji Meri a watan Nuwamban 1558. A 1559 Majalisa ta yi dokoki biyu. Ta farko ta mayar da ikon coci hannun sarauniya, ta ɗora wa duk mai riƙe da muƙami rantsuwa. Kusan dukkan bishop-bishop na zamanin Meri suka ƙi, aka tuɓe su. Ta biyu ta ce kowa ya halarci cocin unguwarsa kowace Lahadi da ranakun idi, wanda ya ƙi ba da uzuri ba ya biya kwabo 12, wato sule ɗaya. Dattawan da suka ga zamanin fam da sule a Najeriya kafin zuwan naira a 1973 sun san wannan lissafi. A wajen mai gidan gona sule ɗaya ba komai ba ne. A wajen lebura kuwa ya fi ladan yininsa.

Ana yawan cewa Elizabet ta ce ita ba ta da niyyar huda taga ta leƙa zukatan mutane. Babu rubutaccen shaida cewa daga bakinta maganar ta fito. Francis Bacon ne ya siffanta manufarta da irin waɗannan kalmomi. Amma siffar ta dace da dokar, domin jiki take nema a kan benci, ba ta tambayi zuciya ba.

Wannan ƙofa da aka bari a buɗe ita ce Katolika da yawa suka bi a shekaru goman farko. Mutum ya je coci ya zauna can baya, a idar da sujada ya koma gida ya yi irin tasa ibadar. Ana ba da labarin wani attajirin lardin Lancashire da ke toshe kunnuwansa da ulu kafin a fara huɗuba. A gidaje masu yawa sai aka raba aiki: maigida ya je coci don ya tsare dukiya, uwargida ta zauna ta tsare addini. Dokar Ingila ta wancan zamani ba ta ɗauki matar aure a matsayin mai mallakar dukiya ba, saboda haka cin ta tara yana da wuya. Ta haka mata suka zama ginshiƙin turjiyar, su ke koyar da yara, su ke ɓoye baƙo. Wasu manyan Katolika sun aika tambaya zuwa babban taron malaman cocin Roma da ke gudana a Trent ko halartar wannan sujada ya halatta. A 1562 amsa ta zo cewa bai halatta ba. Daga nan layi ya fara fita tsakanin mai shiga da mai ƙi.

1568 zuwa 1581: addini ya cakuɗa da tsaron ƙasa

Gwamnati ta yi zaton abin zai mutu da kansa idan tsofaffin limamai suka ƙare. Abubuwa uku suka rushe wannan lissafi. A 1568 William Allen ya buɗe makarantar horar da limamai a garin Douai, a ƙetaren teku, inda samarin Ingila ke zuwa a naɗa su su komo gida a ɓoye. A wannan shekarar kuma Meri, sarauniyar Sikotilan da aka tuɓe, ta gudo Ingila. 'Yar Katolika ce, tana kuma da jinin sarautar Ingila, don haka duk mai son kawar da Elizabet ya sami wadda zai ɗora. A 1569 manyan hakimai biyu na arewa, na Northumberland da na Westmorland, suka yi tawaye, suka shiga babban cocin Durham aka yi Mas, babbar ibadar Katolika. An murƙushe su, aka rataye ɗaruruwan talakawan da suka bi su.

Sai ga babbar guguwa. A watan Fabrairun 1570 Fafaroma Pius na Biyar ya fitar da takardar hukunci, ya kori Elizabet daga coci, ya ce talakawanta ba su da wajibcin yi mata biyayya. Ya yi nufin taimakon Katolikan Ingila, amma sai ya jefa su halin gaba kura baya siyaki. Kafin takardar, mutum yana iya cewa shi mai biyayya ne ga sarauniya a harkar mulki, mai bin Fafaroma a harkar ibada. Bayanta kuwa, kowane benci da aka gani fayau ranar Lahadi sai hukuma ta karanta shi a matsayin alamar cin amana.

Limaman Douai suka fara shigowa a 1574. Na farko da aka kashe cikinsu shi ne Cuthbert Mayne, a 1577. A 1580 limamai 'yan ƙungiyar Jesuit biyu, Edmund Campion da Robert Persons, suka sauka cikin shigar burtu. Campion tsohon haziƙin jami'ar Oxford ne wanda ya taɓa yin jawabi a gaban sarauniya. Ya yi shekara guda yana yawo gida-gida, har ya buga ɗan littafi a wata maɗaba'ar ɓoye a gidan Stonor. Aka kama shi, aka azabtar da shi, aka kashe shi a Tyburn ranar 1 ga Disamba, 1581.

1581 zuwa 1593: daga sule ɗaya zuwa fam 20

A shekarar da aka kashe Campion Majalisa ta ɗaga tarar ƙin zuwa coci zuwa fam 20 a wata ga duk wanda ya haura shekara 16. Fam ɗaya sule 20 ne, saboda haka wanda a da yake biyan sule 4 a wata yanzu sule 400 ake bin sa. Aka riƙa lissafa watan da kwana 28, shekara ta zama wata 13, tara ta kama fam 260. A 1585 aka yi dokar da ta ce duk limamin da aka naɗa a waje, taka ƙasar Ingila kaɗai ya isa a yanke masa hukuncin cin amanar ƙasa, wanda ya ba shi masauki kuma a rataye shi. A 1587 aka ba gwamnati ikon ƙwace kayan wanda ya kasa biya da kashi biyu cikin uku na filayensa. Dokar 1593 ta hana mai ƙi yin nisan da ya wuce mil 5 daga gidansa sai da takardar izini.

Babu inda nauyin waɗannan dokoki ya fito fili kamar a labarin Margaret Clitherow, matar wani mahauci a birnin York. Ta shiga Katolika bayan aurenta. Mijinta ya ci gaba da zuwa cocin hukuma, yana kuma biya mata tara. An sha kulle ta. A watan Maris na 1586 aka binciki gidanta, wani yaro da aka tsorata ya nuna ɗakin da take ɓoye limamai. Da aka kai ta kotu aka ce ta amsa laifi ko ta musa, sai ta ƙi yin ko ɗaya, domin in aka shiga shari'a za a tilasta wa 'ya'yanta da barorinta ba da shaida a kanta. Hukuncin wanda ya ƙi amsawa a wancan zamani shi ne a danne shi da nauyi. Ranar 25 ga Maris aka kwantar da ita, aka sa dutse mai kaifi a ƙarƙashin bayanta, aka ɗora ƙyaure a kanta, aka yi ta jibga nauyi har rai ya yi halinsa. Limaminta John Mush ne ya rubuta tarihinta, daga gare shi aka sami yawancin bayanin. Ana cewa tana da juna biyu a lokacin, ana kuma cewa wani hannu da ke ajiye a gidan 'yan zuhudu mata na York nata ne. Waɗannan biyun riwaya ce. Kisan da ranarsa kuwa tabbatattu ne.

A manyan gidaje wata sana'a ta ɓullo. Wani kafinta mutumin Oxford mai suna Nicholas Owen ya shafe shekaru yana gina maɓoyar limamai a cikin katanga, ƙarƙashin matakala, ko bayan bututun hayaƙi. Shi kaɗai yake aikin, da dare, don kada wani ya san wurin. Har yau ana ganin irin waɗannan ramuka a gidan Harvington da na Baddesley Clinton. Mai farautar limamai yakan yi kwanaki a gida yana auna bango yana ƙwanƙwasa, limami na tsugune a ciki ba ci ba sha.

Doka ɗaya ce, amma ba ta faɗa wa kowa daidai ba. Sir Thomas Tresham, attajirin Northamptonshire, ya biya tarar da ta kusa fam 8,000 a tsawon rayuwarsa, ya yi shekaru a tsare, duk da haka ya iya gina wani ɗan soro mai kusurwa uku a Rushton don bayyana aƙidarsa. William Byrd, babban mawaƙin fadar sarauniya, an sha rubuta sunansa da na matarsa cikin masu ƙi, amma gwanintarsa ta sama masa inuwa. Talaka kuwa ba shi da inuwa. Ko ya miƙa wuya, ko ya ƙare a kurkuku. Ba kuma duk wanda aka rubuta ne ya ƙi don addini ba. A 1592 sunan John Shakespeare, mahaifin shahararren marubucin nan, ya fito a jerin marasa zuwa coci a Stratford, amma masu rubutun sun ƙara da cewa ana jin tsoron masu bin sa bashi ne ya hana shi fita. Masu cewa ɗan Katolika ne a ɓoye hasashe suke yi, takardar ba ta faɗi haka ba.

A 1587 aka kashe Meri ta Sikotilan, a 1588 kuma rundunar jiragen ruwan Sifaniya ta taso don mamaye Ingila. Aka tattara manyan masu ƙi aka tsare a garin Ely. Babu wani boren Katolika da ya tashi don tarbar maharan. Duk da haka, kafin Elizabet ta mutu a 1603 an kashe limamai fiye da 120 da mutanen gari kimanin 60.

Shekarar 1593 tana da wani muhimmanci a tarihin kalmar. Akwai wasu Furotesta masu tsauri da su ma suka ƙi cocin hukuma, don a ganinsu bai gama tsarkaka daga al'adun Roma ba. A wannan shekara aka rataye jagororinsu Henry Barrow da John Greenwood, aka yi musu tasu dokar. Tunda yanzu masu ƙi sun zama iri biyu, sai dokar da ta shafi Katolika ta ƙara wa kalmar siffa, ta ce rekusant mai bin Fafaroma. A hankali siffar ta haɗiye sunan.

1605: wake ɗaya ya ɓata gari

Da Jems na Ɗaya, ɗan Meri ta Sikotilan, ya hau a 1603, Katolika sun sa rai da sauƙi. Ya ɗan sassauta tara, sannan ya dawo da ita. Wasu samari 'ya'yan gidajen da tara ta tatsa suka ga tura ta kai bango. Jagoransu Robert Catesby ne, wanda mahaifinsa ya sha ɗauri saboda zargin saukar da Campion, cikinsu kuma har da Francis, ɗan Tresham. Suka jibge ganga 36 na albarushi a ƙarƙashin zauren Majalisa don su hallaka sarki da manyan ƙasa ranar buɗe zama. Wata wasiƙar gargaɗi ta tona asirin, aka kama Guy Fawkes a wurin a daren wayewar 5 ga Nuwamba, 1605.

Mutum 13 ne suka ƙulla abin, shugaban limaman Katolika na ƙasar kuma ya fito ya la'ance shi, amma dubbai ne suka biya. Dokokin 1606 suka hana mai ƙi aikin lauya da na likita da muƙamin soja. Suka wajabta karɓar Jibin Ubangiji a cocin hukuma, abin da ya toshe hanyar masu zuwa su zauna a baya. Aka kawo sabuwar rantsuwa ta musanta ikon Fafaroma na tuɓe sarki, ita ma ta raba kan Katolika. Nicholas Owen ya faɗa hannu a wannan farauta, ya mutu a kurkukun Hasumiyar Landan a watan Maris na 1606. Hukuma ta ce kashe kansa ya yi, Katolika suka ce azaba ce ta kashe shi. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne bai tona maɓoya ko ɗaya ba.

1620 zuwa 1701: hijira, sababbin sunaye, sabon shinge

Wasu suka zaɓi barin ƙasar. A 1620 jirgin Mayflower ya kwashi wasu daga cikin Furotestan da suka ware zuwa Amurka, bayan sun yi zaman hijira a Holan. A 1634 iyalan Calvert, 'yan Katolika, suka kafa Maryland. Waɗanda suka zauna kuwa suka ga yaƙin basasa, da kisan Sarki Charles na Ɗaya a 1649, da dawowar sarauta a 1660. Dokar 1662 ta kori limaman Furotesta kimanin 2,000 daga cocin hukuma saboda sun ƙi amincewa da littafin addu'a. Su da mabiyansu aka sama musu wasu sunaye masu ma'anar marasa bin tsari da masu saɓawa. John Bunyan, mai gyaran tukwane kuma mai wa'azi, ya yi shekara 12 a kurkukun Bedford don ya ƙi daina wa'azi. 'Yan ɗariƙar Quaker ma an ci su tara da tsofaffin dokokin da aka yi domin Katolika.

Tsoron Katolika bai kwanta ba. Dokokin 1673 da 1678 suka rufe musu ƙofar aikin gwamnati da ta Majalisa. A 1678 wani maƙaryaci mai suna Titus Oates ya ƙirƙiri labarin makircin kashe sarki, aka kashe fiye da mutum 20 a kan ƙarya. Na ƙarshensu shi ne Oliver Plunkett, Akbishop na Armagh a Ailan, a 1681. A wannan shekara aka sassaƙa rubutu a jikin hasumiyar tunawa da gobarar Landan ta 1666 ana ɗora wa Katolika laifin, alhali a gidan burodi wutar ta tashi. Sai a 1830 aka kankare shi gaba ɗaya.

Jems na Biyu, ɗan Katolika, ya hau a 1685, aka kore shi a 1688. Dokar sassauci ta 1689 ta ba Furotesta masu saɓawa damar buɗe wuraren ibadarsu, ta bar Katolika a waje. Daga nan kalmar rekusant ta zama tasu su kaɗai. Aka ninka musu harajin ƙasa, aka sa ladan fam 100 ga wanda ya kama limami, aka taƙaita musu gado da sayen fili. Dokar 1701 ta haramta wa ɗan Katolika gadon sarauta.

1778 zuwa 1829: kwance ƙulli

A ƙarni na 18 an daina kisa, amma rashin muƙami da nauyin haraji sun ci gaba da zaizayar su. Yawansu ya sauko zuwa kimanin kashi 1 cikin 100 na mutanen Ingila, akasari a Lancashire da arewa, a kewayen gidajen attajiran da ke iya ɗaukar nauyin limami. Sassaucin farko a 1778 buƙata ce ta kawo shi, domin gwamnati na neman sojoji don yaƙin Amurka. Ko wannan ɗan sauƙi bai yi wa wasu daɗi ba. A watan Yunin 1780 Lord George Gordon ya jagoranci zanga-zangar da ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka yi kusan mako ana ƙone-ƙone a Landan, sojoji suka harbe kusan mutum 300.

Dokar 1791 ce ta cire wa kalmar haƙora. Ta halatta wa Katolika buɗe majami'u da makarantu, ta kuma ɗauke hukuncin ƙin zuwa coci daga kan duk wanda ya yi rantsuwar biyayya ga sarki. Juyin juya halin Faransa ya koro makarantun da suka yi shekara 200 a ƙetare, ɗaya ta sauka a Stonyhurst a 1794. Saura kujerar Majalisa. A 1828 Daniel O'Connell ya ci zaɓe a lardin Clare na Ailan, alhali doka ta hana shi zama. Firayim Minista Wellington ya ga in an hana shi Ailan za ta kama da wuta, sai ya lallashi sarki. A watan Afrilun 1829 aka sa hannu a dokar 'yantar da Katolika, shekara 270 cif bayan tarar sule ɗaya.

Abin da ya rage

Ba daidai ba ne a ce tilas ba ta yi aiki ba. Ta yi. Ƙasar da kusan kowa ke bin Roma a 1530 ta wayi gari 'yan tsiraru ne suka rage, kuma talakawa ne suka fara gajiya. Amma a duba farashin. Gwamnati ta samu benci cike da mutanen da ba ta san abin da ke ransu ba. Ta tatsi gidaje har 'ya'yansu suka ɗauki albarushi. Ta koya wa jama'a zargin maƙwabci, har ƙaryar mutum ɗaya ta isa a kashe bayin Allah fiye da 20. Fafaroman da ya sa siyasa cikin lamarin a 1570, da sarauniyar da ta hura wuta a shekarun 1550, su ma suna da nasu kason. Duk ƙasar da mabiya addinai daban-daban ke cin kasuwa ɗaya tana da abin dubawa a nan.

Ita kuwa kalmar ta juya. A 1970 Fafaroma Paul na Shida ya ɗaga mutum 40 daga cikin waɗanda aka kashe zuwa matsayin waliyyai, har da Campion da Owen da matar mahaucin York. A 2013 aka soke dokar da ke hana mai jiran gado auren Katolika, ko da yake har yanzu wanda ke kan karagar dole ya kasance Furotesta. A Ingila ta yau, idan aka ce gidan su wane gidan rekusant ne, yabo ake yi, ana nufin kakanninsu sun riƙe abin da suka yarda da shi lokacin da riƙonsa ke da tsada. Fatun nan na Kew an rubuta su ne don karɓar bashi. Yanzu jikokin waɗanda ake bi ne ke zuwa su nemi a warware musu su, suna bin layi da yatsa, suna fatan su tarar da sunan kakansu a ciki.